Zoben Ƙarshe a Wuyan Yaya

Abin da ya hana ni jin daɗin tuwo a bikin Yayata bai kai ƙwayar wake girma ba. Wani ɗan zoben ƙarfe ne mai tsaga a gefe, irin wanda ake haɗa dutse da dutse da shi idan ana yin sarƙa. In ya faɗi ƙasa sai an tara rabin unguwa kafin a gan shi. Gwaggo tana ce masa zoben haɗi.

Gwaggo yayar Babanmu ce, gidanta yana manne da namu a Gummi. Sana'arta haɗa sarƙa da 'yan kunne da abin hannu, kuma tun ina firamare nake zama a gefen tabarmarta. Duwatsunta suna cikin ƙananan kwalabe, kowane launi da kwalbarsa, zobban haɗi kuwa a cikin wani tsohon gwangwanin man zafi. Tana da filaya guda ɗaya mai jan hannu, wadda ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya ji faɗa. Da filayar take riƙe zobe, ta murɗa ɗaya gefen da farcen babban yatsanta, farcen da ya yi taurin da zai iya fasa goriba. Ni ba ni da filaya, farcena kuma kamar ganyen zogale yake. Saboda haka na samo tawa hanyar: haƙori. In Gwaggo ta juya baya sai in ciji zoben in buɗe, in sa dutse, in sake cizawa in rufe. Aikina yana sauri sosai, har ina ganin in aka bar ni zan yi wa dukan matan Gummi sarƙa kafin la'asar.

A danginmu akwai wata al'ada. Sarƙar da amarya za ta sa ranar da za a kai ta ba a yi mata ƙugiya. A wuyanta ake rufe ta da zoben haɗi, kuma wadda ta rufe dole ta bi amarya har gidan miji, ta kwana, ta buɗe mata bayan an yi buɗar kai. In kika tambayi tsofaffin gidanmu za su rantse tun kakannin kakanni ake yin haka. Ni kuwa Gwaggo ta taɓa gaya mini gaskiya. Wata amarya ce shekarun baya ƙugiyarta ta buɗe a cikin mota, ta isa gidan miji da wuya fayau, dangin miji suka yi ta tsegumi wai ba a yi mata komai ba. Daga ranar Gwaggo ta daina sa ƙugiya, kuma da yake ita kaɗai ke da filaya, ita ke bin kowace amarya. Ta haka ta zaga garuruwa ta ci naman biki iri-iri.

Da aka sa ranar Yaya, Gwaggo ta ce idonta ya fara yi mata gardama, ba ta ganin tsagar zobe ko da rana tsaka, ga gwiwa ba ta son mota.

"Wanga karon ɗiya za ta rufe," in ji ta.

Ban ma tambayi wace ɗiya ba. Washegari na sanar da 'yan ajinmu kaf cewa zan tafi Bukkuyum raka amarya, har na karɓi saƙon gaisuwa na mutum biyu.

Sai an san Innarmu za a gane girman abin. Inna ba ta barina zuwa ko'ina. Hanya ba ta da tabbas, in ji ta, kuma gaskiya ne, amma ita ko kasuwa na daɗe sai ta fara zaton an tafi da ni. Ban taɓa kwana a wajen Gummi ba. Ga shi Yaya, wadda muke ɗaki ɗaya da ita tun ban san sunana ba, za ta koma Bukkuyum. Aikin jinya take yi, ita ta zaɓo angonta, ta shekara biyu tana yi masa dariya a waya ina kwance ina toshe kunne da filo. Ba wanda ya tambaye ni ko na yarda. Wannan ɗan zoben shi kaɗai zai sa Inna ta bar ni in shiga motar, domin duk tsoronta ba ta iya ja da tsofaffin gidanmu.

Ana saura kamar mako biyu sai ga taubashiyata ta sauka. Ɗiyar Kawu ce, ƙanen Inna, sa'ata ce, kuma a Bukkuyum suke. An turo ta ta taya aiki. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

"'Yar Gummi, har yanzu ba ki yi tsawo ba?" in ji ta tun daga zaure.

"'Yar Bukkuyum, sannu da shigowa birni. Wannan da kike gani sama fanka ce, ba ta cizo."

Muka rungume juna muna dariya. Rabona da yin dariya da zuciya ɗaya a bikin ke nan.

Da yamma ta biyo ni wajen Gwaggo. Ta zauna, ta kalli farantin aiki, ta buɗe jakarta ta fito da wata 'yar jakar yadi da ta ɗinka da kanta. Ta zazzage. Filaya biyu! Ƙanana, siraran baki, masu koren hannu, suna sheƙi kamar ba su taɓa sanin wahala ba. Wai yayanta ya sayo mata a Gusau, wai a wayarsa ta koyi aikin. Na yi shekara da shekaru ina yi wa Gwaggo shara ban taɓa riƙe filayarta na minti ɗaya cikakke ba, ita kuwa wannan tana da ta dama da ta hagu.

Gwaggo ta miƙa mata zobe. Ta kama gefe da gefe, ta murɗa hannu ɗaya gaba ɗaya baya, ta sa dutse, ta mayar. Muka ji ɗan sauti, ƙis. Gwaggo ta karɓa ta shafa da yatsa, ta sake shafawa, ta juya zoben tana neman tsagar ta rasa.

"Kai, wagga ɗiya!" in ji Gwaggo.

Ni tunda nake ba ta taɓa ce mini wagga ɗiya ba sai in na zubar da duwatsu.

Sai Gwaggo ta ce kowa ta rufe 'yan zobba a gwada. Gwajinta da zaren ɗinki ne. Za ta zura zare a cikin zobe ta ja shi ta wajen tsagar, in ya fita zoben bai rufu ba. Taubashiyata ta jera nata a faranti, kowane a zagaye kamar an haife shi a haka. Ni na ɗan juya baya na kai hannu baki.

"Mi ke cikin bakinki?"

Inna ce tsaye a bakin ƙofa da kwanon fura. Ban san ta shigo ba.

"Ba komi, Inna."

"Tofar."

Na tofar a tafin hannuna. Zobe ya fito ya lanƙwashe kamar bakin kifi.

A gidanmu ƙarfen da aka yarda ya shiga baki cokali ne kawai. Ina jaririya lokacin da gubar dalma ta yi ɓarna a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya, kuma Inna tana da 'yar'uwa da ke aure a Yargalma. Ta je gaisuwa can, ta dawo ba ta son a yi maganar, har yau. Tun daga nan ko makulli ta gani a bakin yaro sai ta zabura ta fizge shi. Ranar ba ta yi mini ihu ba, wanda ya fi ihun ciwo. Ta ce wa ya san da me aka narka waɗannan zobban na kasuwa, ta sa na kurkure baki har sai da na ji harshena ya kusa narkewa, sannan ta ce in ta sake gani na bar zaman tabarmar Gwaggo har abada.

Gwaggo dai ba ta fasa gwajinta ba. Zare ya riƙe a duk zobban taubashiyata. A nawa kuwa wucewa yake yi abinsa, ko sallama ba ya yi. Akwai ɗaya da nake ganin igiyar guga ma za ta wuce.

"Ke kina ja ne, kina wage mishi baki," in ji Gwaggo. "Zobe ba a ja nai, murɗawa a kai. In ya wage ba ya komawa daidai."

Inna ta kalli faranti, ta kalli taubashiyata, fuskarta ta washe.

"Ai shi ke nan an huta. Ita ta rufe, tunda can gida za ta. Ba sai an jigilar da kowa bisa hanya ba."

Kowa ɗin nan ni ce.

Gwaggo ta ce, "Ranar dai za mu gani." Amma kowa ya riga ya gani.

Daga nan duk abin da yarinyar nan ta yi sai ya zama abin yabo. In ta yi shara, ai ta iya shara. In ta yi atishawa, Inna sai ta ce ji yadda take yi a hankali. Yatsunta dogaye ne sirara, nawa kuwa gajeru kamar rogo, na yini ina kallonsu ina jin haushin Baba, domin nasa na ɗauko. Gwaggo ta ba ta jeren tsakiya na sarƙar Yaya, inda manyan jajayen duwatsu suke da 'yan lilo masu ruwan zinariya, ni aka ba ni tsince duwatsun da suka fashe. Kanta Yaya, wadda nake zaton ko duniya ta juya mini baya ita tana nan, na shigo ɗaki na tarar ta kwantar da kai a cinyar yarinyar tana tsefe mata kitso. Aikina ne wannan tun ina aji uku.

"Yaya, kin san in na hau turmi a gidanmu ina hango darbejiyar gidanki?" in ji ta. "Kullum da safe zan leƙo ki."

"Allah? To na samu ƙanwa a kusa," in ji Yaya.

Na fita na je bayan ɗaki na harari akuyar Inna har ta daina tuƙa.

Ban zauna haka nan ba. Na roƙi Gwaggo ta ba ni lalatattun zobba, na kuma roƙi filayarta, ta ba ni bayan ta yi mini wa'azin da ya isa a ba mutum amanar gari. Kullum bayan la'asar ina murɗawa da filaya da farce. Farcena ya tsage, na koma ɗaya hannun, shi ma ya tsage. Ina satar kallon wuyan hannun taubashiyata ta gefen ido, in ta ɗago sai in yi kamar ƙadangaren kan katanga nake kallo. Na ɗan samu ci gaba, zare ya fara tsayawa ya yi tunani kafin ya wuce. Amma in aka jera nawa da nata, ko Gwaggo da idonta ya yi rauni tana rarrabewa daga nesa.

Sai maganar lalle ta taso. Mai ƙunshin unguwarmu ta cika wa kanta aiki a makon. Ta yi wa amarya, ta yi wa ƙawayenta, ta yi wa matan gida, mu biyu aka bar mu sai safiyar ranar kai amarya. Ni kuwa na yi wata da watanni ina jiran lallen nan. Na zaɓi zanen a wayar Yaya, jan lalle mai ganye-ganye da ke hawa har wuyan hannu, wanda ake yanka salatif a manna, a shafa lalle, a ɗaure hannu da leda a jira ya kama. Har mafarkinsa na yi.

Ana gobe tafiya na kai wa Baba shayi a zaure, na ji yana magana da mai mota. Mata duk sun san bayan azahar za a tashi. Mai mota ya ce shi ba ya yarda yamma ta same shi a kan hanyar nan, da hantsi zai ɗauki amarya ko a nemi wani. Baba ya ce to, zai shaida wa mata. Na san Baba. In ya ce zai shaida wa mata, sai mota ta tsaya a ƙofar gida yake tunawa. Na ajiye shayi na fito a hankali kamar mutuniyar kirki.

Da safe mai ƙunshi ta zo a gurguje, ta ce mutum ɗaya kawai za ta iya yi wa, ana jiranta a wani gidan biki. Ta kama hannuna, tunda ni ce ƙanwar amarya. Na kalli kwanon lallen, ya kwaɓu ya yi kyau, ƙamshinsa ya cika tsakar gida. Zuciyata ta ce ke, zauna. Na janye hannuna.

"A yi mata. Ita baƙuwa ce."

Inna ta ajiye muciya ta taɓa mini goshi.

"Lafiya kike?"

"Lafiya lau, Inna. Ai baƙo ake fara ba."

Wata tsohuwa ta ce yarinyar nan ta girma. Wata ta sa mini albarka. Taubashiyata ta dube ni na ɗan lokaci, ta yi wani murmushi, ta miƙa hannayenta biyu. Na zauna ina kallo ana manna mata ganyayena ɗaya bayan ɗaya, har wuyan hannu, yadda na zaɓa. Aka ɗaure hannayen da leda suka zama kamar na ɗan dambe. Mai ƙunshi ta ce kada a kwance sai azahar, ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Rana ba ta gama ɗagawa ba muka ji hon a waje. Baba ya leƙo ya ce a fito da amarya yanzu. Gida ya hargitse. Wannan na neman takalmi, waccan na neman ɗanta, ana ta yi wa Baba mita ta bayan labule. Aka zaunar da Yaya a bakin gado cikin farin leshi, Gwaggo ta buɗe ƙyallen da ta naɗe sarƙa, ta ɗora mata a wuya, ta riƙe bakin biyu a ƙeya.

"Ina mai rufewa?"

Taubashiyata ta shigo da hannaye sama kamar an tare ta a hanya.

"A kwance mata," in ji Inna.

"A kwance ɗanyen lalle bisa farin leshi?" in ji wata ƙawar Yaya. "Wallahi ko kusa."

"To ke ki rufe da kanki," Inna ta ce wa Gwaggo.

"Da wane ido?"

"To a sa ƙugiya mana! Ba ga su nan cikin gwangwani ba?"

Nan tsofaffi suka taso mata. Ƙugiya? A wuyan amaryar gidan nan? Tun kakanni ba a taɓa ba. Ɗaya ta ce ita kakarta da zobe aka kai ta, alhali a zamanin kakarta ko Gwaggo ba a haifa ba. Gwaggo ta sunkuyar da kai, na ga tana danne dariya. Mai mota ya sake danna hon. Sai Gwaggo ta ɗago ta nemo ni da ido, ina tsaye a jikin ƙofa da hannayena fayau, na ɗan turo su gaba don a gani.

"Taho nan, ke mai kirkin safe."

Na matsa. Gwaggo ta ba ni filayarta, na kalli farcena duk a tsage, na san ba zai murɗa komai ba. Filaya biyu nake bukata, kuma mutum ɗaya ce ke da su a duk faɗin Gummi. Na gwammace in haɗiye gwangwanin zobban da in roƙe ta. Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, "Suna aljihun jakata na gefe. Yi sauri, 'yar birni."

Na ɗauko. Zoben farko ya suɓuce ya faɗa ta bayan rigar Yaya, ta zabura, har yau ba a gan shi ba. Na biyu na manta komai na ja shi, ya wage baki yana kallona. Ban san lokacin da kaina ya fara sunkuyawa wajensa ba.

"Ki kuskura," in ji Inna daga bayana, a hankali.

Na miƙe tsaye. Gwaggo ta ba ni na uku ta ce in wannan ya lalace ƙugiya za ta sa, kowa ya yi ta kansa. Taubashiyata ta matso har ledar hannunta tana taɓa kunnena, ƙamshin lallena yana shiga hancina.

"Kama kusa da tsagar. Ba nan ba, matsa. Yawwa. Dama ta yi gaba, hagu ta tsaya. Ya isa, kada ki ƙara. Sa bakin sarƙar. Ɗayan ma."

Na zura duka biyun. Ƙeyar Yaya tana gabana, da 'yan gashin da ba su shiga kitso ba, da tabon da ta ji tun ranar da ta goya ni muka faɗo daga kan dakali. Na ji tana jan hanci a ƙarƙashin mayafi.

"Yanzu dawo da shi. Ki ɗan wuce kaɗan, sannan ki komo," in ji taubashiyata.

Na wuce kaɗan, na komo. Ƙis.

Gwaggo ba ta yarda da ƙis ɗin kowa. Ta ciro zare daga bakin zanenta, ta lalubo zoben ta zura, ta ja. Ta juya ta sake ja. Zare ya tsaya.

Wata ta rangaɗa guɗa. Inna ta daɗe tana kallona, ta kalli hannayena, ta kalli na taubashiyata, na ga lissafin yana haɗuwa a idonta.

"Baƙo ake fara ba, ko?"

Na hau goge filaya da bakin zanena.

"Jeki haɗa kayanki. Kuma duk inda aka tsaya ki sa a kira ni."

Kayana suna haɗe tun jiya a bayan buhun gero. Na fito da su kafin ta rufe baki, wannan ma ta gani.

A mota na zauna kusa da Yaya, na riƙe gefen mayafinta, ina ji kamar ni aka ba sarautar hanyar. Taubashiyata tana ɗaya gefen da hannaye a sama. Muna dab da shiga Bukkuyum wata gwaggonmu ta kwance mata ledar, ta goge da tsumma, ta shafa mata mai. Na so a ce bai kama ba. Ya kama. Ja wur, har yana neman yin baƙi a kan yatsu, ganye na bin ganye har wuyan hannu. Ban taɓa ganin lalle mai kyau irinsa ba, kuma nawa ne.

A gidan ango mata suka yi mata caa. Wa ya yi miki? A Gummi? Kawo mu gani. Aka yi ta juya hannunta ana ɗaukar hoto. Sarƙa ma an yabe ta, musamman jeren tsakiya, aka tambayi wa ya haɗa, aka nuna ta. Zobena yana can ƙeya a ƙarƙashin mayafi, ba wanda ya ce a ɗaga a gani. Wata tsohuwa ta dubi hannuna ta tambaya ko ni 'yar maƙwabta ce da aka ɗauko riƙon jaka. Na yini da hannaye cikin hijabi kamar mai jin sanyi.

Da muka keɓe wajen wanke kwanuka na ce mata, "Ke dai kin yi asara, da ke za ki rufe."

Ta yi dariya har ta saki kwano.

"Ina bayan ƙyaure lokacin da mai mota ke magana, na je ɗauko tsintsiya. Ni ko na rufe ko ban rufe ba gida za ni. Lalle ne ba ni da shi." Ta ɗaga hannayen ta juya mini su gaba da baya. "Kin iya zaɓen zane, 'yar Gummi."

Na watsa mata ruwan kumfa, ta kare da hannu, sai ya ƙara sheƙi.

Washegari aka yi buɗar kai, mutane suka watse, Yaya ta kira ni ɗaki ta juya mini ƙeya. Ta ce sarƙar ta yi nauyi, ta kwana tana juyi. Waɗanda muka zo da su sun ce da na buɗe za mu kama hanya. Na kama zoben da filaya, na tsaya. Na kalli ɗakin, sabon gado, sababbin kwanuka, ba ko kusurwa ɗaya da aka ajiye don ni.

"Yaya, ya yi tauri. Irin wannan in aka matsa masa karyewa yake. Sai ya ɗan huta."

"Zoben ne zai huta?"

"Haka Gwaggo ta ce."

Ta juyo ta dube ni. Duwatsun sun yi mata shaida ja a wuya. Sai ta leƙa ƙofa ta ce wa gwaggonnin zobe ya ƙi buɗuwa, sai dai gobe. Suka yi ta salati, ɗaya ta ce ita dama ta san aikin yaran yanzu. Yaya ta sake kwana da nauyin nan, ni kuma na tsefe mata gefen kitson da ya ɗame ta, ba wanda ya taya ni.

Da safe na murɗa, dama gaba, hagu a tsaye, ya buɗe ba gardama. Na ƙulle zoben a bakin ɗankwalina. Da za mu shiga mota taubashiyata ta miƙo mini filaya ɗaya cikin biyun, ta ce aro, in kawo mata da kaina. Sai da muka yi nisa na gwada, na ga mai taurin ce ta ba ni.

Ina isa gida na nuna wa Inna, na ce kayan aro ne, kuma ita ta koya mana ba a riƙe kayan mutane, ya kamata in mayar cikin makon nan. Ta ce Kawu yana zuwa ranar kasuwa, zai karɓa.

Na ɓoye filayar a cikin buhun gero. Kawu ya zo sau biyu an neme ta an rasa. Jiya na kira Yaya, muna cikin hira na ji muryar taubashiyata a bayanta tana tambayar inda aka ajiye gishiri, sai kuma ta ce a'a bar shi, ta gani. Ta ma san inda gishirin yake.